Bawul Ɗin Da Aka Ɗaure Wa Baki

Assalamu alaikum, masu bin wannan labari nawa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in daina jan zance kamar mai auna yadi, in faɗa kawai ko an ba ni Auta ko ba a ba ni ba. Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Abin da ya faru a makon nan, in na yi gaggawar faɗinsa za ku ɗora laifin a kan wanda bai kamata ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ɗan shago ne. Shagon Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, inda muke sayar da bawul, wato ƙarafan nan da ake ɗaurawa a jikin bututu su buɗe wa ruwa ko gas ko tururi hanya, ko su rufe. Ban yi nisa a makaranta ba, tsakanin kantocin nan na girma. Manya masu sitiyari suna ƙasa, sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya. Ƙananan tagulla suna sama cikin kwalaye. Ko'ina warin girisi, har a burodin da muke karyawa da shi.

Kawu ba ya sayar wa mutum bawul sai ya tambaye shi me ke bi ta cikin bututun, yaya zafinsa, yaya matsinsa. Wani ya fusata ya ce, "Ni dai inci biyu na ce ka ba ni!" Sai Kawu ya gyara tabarau ya ce, "Inci biyu na ruwan wanka, ko inci biyu na abin da zai saɓule maka fata?"

Ni ma haka na tashi. Ranar da Auta ta fara shigowa shagonmu, da wani mataccen bawul naɗe cikin farin tawul mai ƙamshin sabulu, na jero mata tambayoyin nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wai shago na shigo ko asibiti?" Tun daga ranar Malam Tambaya take kirana, ni kuma tun daga ranar ban sake samun kaina ba.

Mahaifinta yana da gidan wanki da guga, irin manyan nan da ke karɓar zannuwan gado da tawul na otal-otal. Kawu ya riga ya aika masa da maganata, dattijon ya ce to, yaro ya zo in gan shi tukuna. Sai dai ba ni kaɗai ba ne a layi. Akwai ɗan yayar mamanta, mai motar da ke ɗauko musu kayan wanki. Ba-Matsala ake ce masa, don ko cewa ka yi ya kawo maka wata daga sama, abin da zai ce ke nan. Mamanta kuwa shi take so, ba ta ma ɓoyewa.

Ran nan ina goge kanta sai saƙon Auta ya shigo:

"Baba ya ce ka zo gidan wanki gobe da safe. Wai akwai abin da za ka duba masa. Don Allah kada ka sa rigar nan mai tabon mai a aljihu."

Na rubuta, "Wace daga ciki?"

Ta turo min fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Inna da kanta ta goge min farar rigata, tana yi tana faɗa. "Gidan masu guga za ka. In suka ga layi biyu a wandonka, shi ke nan an gama da kai. Kuma ka ji ni da kyau, duk abin da ya ce, ka ce to. Ba shagon Kawunka ba ne da za ka tsare dattijo da tambaya."

"To, Inna."

"Yauwa, irin wannan. Mene ne kuma ya kumbura maka aljihu?"

"Filaya ce."

"Neman aure za ka ko cire haƙori? Ajiye ta!"

Na ajiye a kan tabarma. Da ta juya ɗauko min turare, na mayar da ita aljihu. Wallahi ba don komai ba, in babu ita ji nake kamar na fita ba takalmi.

Gidan wankin yana da tsakar gida mai faɗi, igiyoyi sun ratsa ta daga bango zuwa bango, fararen zannuwa sai kaɗawa suke har ido na ƙyallin su. Injinan wanki na gurnani a gefe. Ta tagar ɗakin guga na hango matan da ke aiki, na hango Auta da mayafinta ruwan toka, a teburinta na ninke kaya da ke jingine da bangon ƙurya. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi rigata, ta ɗan gyaɗa kai. Ba-Matsala yana jingine da motarsa yana wasa da makullai, agogonsa sai walƙiya yake.

Baba dogo ne, mai magana a hankali, kayan jikinsa ko alamar lanƙwasa babu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska har da tambayar Inna. Raina ya yi fari.

"An ce min ka san ƙarfe," in ji shi. "Taso ka gani."

Muna tafiya yana yi min bayani. Ya samu aikin wani babban otal, ya ƙaro injin guga, tururi ya daina isa. Ya sa aka ƙara wa tukunyar tururi wuta. Tun daga nan bawul ɗin da ke samanta ya fara kuka, kuka mai firgita mutane, yana zubar masa da tururin a banza.

Bari in tsaya in gaya muku, wannan bawul ɗin mai tsaro muke ce masa. Aikinsa ɗaya ne: in matsi ya wuce abin da tukunya za ta iya ɗauka, ya buɗe da kansa ya fitar. Kukansa ba cuta ba ce, gargaɗi ne.

"So nake ka kawo min wanda ba ya kuka," Baba ya ce, yana tura ƙofar ɗakin tukunyar.

Zafi ya dake ni a fuska. Mai Wuta, wani tsoho da ke kula da tukunyar, yana zaune a kan bokiti, ya amsa gaisuwata bai yarda mun haɗa ido ba. Na dubi geji, agogon da ke nuna matsin tukunya. Allurar ta wuce jan layi, ta wuce sosai, tana ɗan rawa. Amma ɗakin shiru. Na ɗaga kai. An zagaye hannun bawul ɗin da wayar ƙarfe, an murɗe ta tamau.

"Jiya na sa aka ɗaure masa baki," Baba yana cewa a bayana. "Ka ga tun daga nan lafiya lau muke..."

Jama'a, ban ji ƙarshen maganar ba. Bangon da ke bayan tukunyar nake kallo, na gane shi ne bangon da teburin Auta ke jingine da shi ta ɗaya gefen. Ban san lokacin da na taka tsani ba. Ban san lokacin da filaya ta fito daga aljihuna ba. Ƙas! kawai na ji, ashe na datse wayar.

Ƙarar da ta biyo baya, har yanzu tana cikin kunnena. Ɗakin ya girgiza. Tururin ya bi bututun da ke fita ta bango, ashe an taɓa karkatar da bakinsa ƙasa don kada ruwan sama ya shiga, ya koma yana kallon tsakar gida. Duk ruwan tsatsar da ya kwanta a cikinsa ya feso waje. Mata suka yi ta salati suna gudu, wata da takalmi ɗaya.

Da abin ya lafa muka fito. Zannuwan otal, layi bayan layi, sun koma kamar an watsa musu shayi. Auta na tsaye a ƙofar ɗakin guga, mayafinta a hannu, bakinta a buɗe. Ma'aikata duk sun yi cirko-cirko suna kallon maigidansu.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"A gidanku haka ake yi? Ka shiga ɗakin mutum, yana cikin magana, ka sa hannu a kayansa ba ka ce masa uffan ba?"

"Baba, allurar ce ta..."

"Na tambaye ka allura?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon zannuwan, sannan ya ce, "Yaro ne kai, zan ɗauka ɗoki ne. Ka kawo min wanda ba ya kuka, in manta da wannan."

Maganar Inna ta faɗo min a rai. To. Kalma guda, ko numfashi ba ta ci. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, ka gafarce ni. Wanda ba ya kuka ba zai tsare kowa ba. Tukunyar ce ta kai iyakarta. Wuta za a rage, ko a ƙaro ƙaramar tukunya."

A gaban ma'aikatansa na faɗi haka. Na ga yadda ƙashin kumatunsa ya motsa.

"Baba, ba matsala," Ba-Matsala ya sako baki daga jikin motarsa. "Ai kasuwa cike take da su. Ni zan kawo."

Baba ya juyo gare ni. "To madalla. Ka gaida Kawun naka."

Na zaci Kawu zai ce na kyauta. Ina! Tabarau ya cire ya ajiye, abin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci.

"Wa ya koya maka wannan haukan? Tukunya na kan matsi ka hau ka yanke waya? Wuta ake fara kashewa, a jira allura ta sauko, a leƙa inda bakin bututu ya dosa. Da akwai mutum a tsaye a wurin fa? Da yanzu ba zancen zani ake ba."

"Na tsorata ne, Kawu."

"Tsoro ya hana ka hankali, ya kuma hana ka ladabi? Da ka ja shi gefe ka ce, Baba, don girman Allah a kashe wuta in nuna maka wani abu, kana jin zai ƙi? Mutum ne fa da ya gina wurin nan da hannunsa." Ya mayar da tabarau. "Amma abin da yake nema, ba dai daga shagona ba."

Kawu ya kira Baba a waya har ya gaji, ba a ɗauka ba.

A gida kuma Inna ta tasa ni gaba. Ta ajiye min abinci ta zauna a bakin gado, ta zuba min ido.

"Ƙarfe ne fa, ɗan nan. Ƙarfe! Ka ɗauka ka kai masa, shi ya san tukunyarsa. Kana nan kana taurin kai, mai mota zai yi gaba da yarinya."

"Inna, in tukunyar ta fashe, bangon nan ba zai tsaya ba. Teburin Auta a jikinsa yake."

Ta murza bakin zaninta. Can ta ce, a hankali, "To ka ce mata ta matsar da teburin mana."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma na ga tana share ido.

Kwanaki Auta ba ta ce min komai ba. In tura saƙo, in ga ta buɗe, shiru. In ga alamar tana rubutu, sai alamar ta ɓace. Na ba wani mai gidan burodi bawul ɗin ruwa a madadin na gas, Allah ya sa Kawu ya gani kafin ya fita.

Sai shekaranjiya da la'asar, ina bayan shago wurin bencin da muke gwada kaya, hoto ya shigo daga Auta. Sabon bawul ɗin da Ba-Matsala ya kawo ne, fes, da jar hula. Hoto na biyu na ɗan farantin da ke jikinsa ne, inda ake buga matsin da zai kai kafin ya buɗe. Na buɗa hoton da yatsu. Lambar ta kusa ninka abin da tukunyar Baba za ta iya ɗauka. Wato kafin wannan ya yi tari, tukunyar ta daɗe da tarwatsewa.

Na kira ta. Ta ɗauka da muryar mai ɓuya.

"Malam Tambaya. Yau ni ce da tambaya. Mai kyau ne?"

"Mai kyau ne, amma ba na tukunyarku ba. Auta, ki bar ɗakin nan. Ki ce kanki na ciwo, ki ce komai."

"Ni kaɗai ce a ciki? Matan nan fa? Ɗaya goyo gare ta, a ƙarƙashin teburina take kwantar da shi. Mai Wuta fa? Baba da kansa can yake wuni yanzu, yana jin daɗin shirun."

Sai ta ƙara rage murya.

"Mama kuwa tun jiya take min waƙar ɗan'uwana a kunne, wai ya fitar da Baba kunya."

"Ke me kika ce?"

"Na ce guga ta yi min yawa." Ta ja numfashi. "Ka ɓata min rai ranar nan, ka sani? Ban taɓa ganin an yi wa Baba haka a gaban mutane ba. Amma tun da aka ɗaura wannan abin, in na jingina da bangon nan sai in ji kamar yana numfashi. Babu wanda zai gaya masa ya ji?"

"Akwai waɗanda dole ya ji. Jami'an da ke duba tukwanen tururi. Sai dai in suka zo, rufewa za su yi. Aikin otal ɗin zai tafi."

"Kuma zai san kai ne."

"Zai sani."

Na ji ƙarar injin guga ta cikin wayar, tsss, tsss. Ta ce, "Ba zan ce ka yi ba, ubana ne. Amma ba zan ce kada ka yi ba." Ta kashe.

Na zauna a kan bencin da wayar a hannu. Abin da ke cina shi ne, da ina da hanya mai sauƙi. Mutumin nan ya kira ni da kansa, ya buɗe min ƙofar ɗakin da ba kowa ke shiga ba, kunnensa a buɗe. Ni na toshe shi. Yanzu ba abin da ya rage sai hanyar da za ta karya shi.

Kawu ya karanto min lambar jami'an da ka. Na kira. Wani mai sanyin murya ya saurare ni har na gama, ya tambayi kwatance, na ba shi.

Jiya da hantsi saƙonninta suka shigo a jere:

"Sun zo. Sun kashe wuta, sun sa kwaɗo a ƙofar."

"Shugaban cikinsu ya dubi geji ya ce kowa ya fita waje tukuna."

"Baba ya tara mu ya ce wa ya kira su. Na ce ni ce. Na nuna masa hotunan a wayata."

"Bai zage ni ba. Ko kallona bai ƙara yi ba. Na kai masa ruwa ya ce in ajiye a ƙasa."

"Kada ka zo, kada ka kira. Ni 'yarsa ce, zai huce. In ya san kai ne, mun rabu ke nan. Ka bar shi a haka."

Na karanta wa Inna. Ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki, yarinyar nan ta share maka hanya. Ka zauna inda kake, kada ka ɓata mata wahala."

Zan gaya muku gaskiya, zuciyata ta so maganar nan. Na koma shago. Na jera kwalayen da ba su buƙatar jeri. Na ce bari rana ta yi sanyi. Na ce bari in yi tunanin abin da zan faɗa. Aka kawo abincin rana na ci, ko da yake ban ji ɗanɗanonsa ba. Duk inda na juya ina ganin kofin ruwan nan a ƙasa. Sai bayan la'asar na kasa, na fita da kayan aikin da ke jikina.

Ban taɓa jin gidan wankin shiru haka ba. Injina a kashe, igiyoyi babu komai sai 'yan maƙalai. Baba yana zaune a kan bokitin Mai Wuta a ƙofar ɗakin tukunya, kwaɗon na rataye saitin kansa. Rigarsa ta yamutse. Na yi sallama, na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ba Auta ba ce. Ni na kira su."

"Na sani."

Na ɗago.

"Yarinyar da ko likita ba ta iya kira sai an kira mata? Tana buɗe baki na san wa take karewa." Ya shafa fuskarsa. "Mutumin da ya zo ya nuna min inda jikin tukunyar ya fara kumbura ta baya. Na sa hannu na taɓa. Ba zan ce ka yi ƙarya ba, yaro. Zannuwa ma na yafe."

Wani sanyi ya fara ratsa ni. Sai ya ci gaba.

"Tun hantsi nake zaune a nan ina kallon ƙofar can. Na ce in ya shigo kafin azahar, ɗana ne, ko da ya rufe min sana'a. Azahar ta yi, ta wuce. Uwarta ta zo ta same ni da maganar ɗan yayarta, na ce su zo mu ji." Ya dube ni, idonsa jawur. "Ka ci abincin rana?"

Ƙarya ta zo min har baki. Na ce, "Na ci, Baba."

"Ita ba ta ci ba."

Ya dafa gwiwa zai miƙe. Ni kuwa ina durƙushe, ina kallon siminti. A nan na ji takun takalmi a bayana, takun da ko cikin kasuwa zan gane shi. Ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ji ta bakin kowa. Ni ma ina da magana."